Motar Da Baba Ya Zaɓa Da Kunne

Tsanyawa,
Jihar Kano.
Ranar Laraba, tsakiyar kaka.

Zuwa ga yayata, Yaya Sakina, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, gaisuwar girmamawa da kewa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Alhaji Abdulkabir da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa kasuwarki albarka, Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin gaskiya, Ya sa ƙasar da kuke zaune ta ci gaba da riƙe ku hannu biyu, amin summa amin.

Mu a nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da ruwa ya ɗauke, har tana fita tsakar gida ta tsince wake da kanta, in aka hana ta ta yi fushi. Matata Sadiya tana nan ƙalau, 'yarmu Nana Fatima kuwa ta fara tafiya, taku uku ta faɗi, ta tashi tana dariya. Damina ta yi mana kyau bana. Gero mun yanke mun ɗaure, ana cirar gyaɗa, dawa kuma ta sunkuyar da kai ta yi jawur. In kika tsaya a bayan gida da hantsi, daga gonarmu har gonar su Naziru ba ki ganin komai sai wannan ja yana kaɗawa a hankali, da gawo nan da can ya fara fitar da sabon ganye. Kan kowane soro barkono ne a shanye. Sau da yawa nakan tsaya in ce ina ma Yaya tana nan ta gani.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau uku ina ɗaukar wayar da niyyar in faɗa miki abin da ke cikin wannan wasiƙa, sai in ji muryarki cike da murna kina tambayar launin mota, sai in kasa. Da na ji Alhaji Zubair mai goro zai taso wajenku jibi, sai na ce bari in zauna in rubuta komai daga farko, ki karanta a natse. Kin tuna abin da kika ce lokacin da kika aiko da guminki: a nemi mota ta hannu, ko tsohuwa ce, wadda za a riƙa kai Baba asibitin ido a Kano ba tare da an cusa shi a bas ba. Kin kuma san tun da idonsa ya rufe, shekara biyu ke nan, amma ba ki ga yadda ya koma ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko, wanda in ya sauka duk unguwa sai ta san Ɗan Iya Direba ya dawo, yanzu sai ya wuni a zaure bisa buzu bai ce uffan ba. Abinci loma biyu ya ture. Ko rediyo ya daina kunnawa. Sai dai in babbar mota ta wuce a titin Katsina, yakan ɗan karkata kai ya bi ƙugin har ya ɓace.

To, da maganar mota ta taso, ni ban ko yi tunanin shawartarsa ba, Allah Ya yafe mini. Na ɗauka tuna masa da mota zai ƙara masa ciwo ne. Sai na nemi Ɗanliti, wanda muka yi firamare tare, yanzu yana dillancin motoci a Kano. Ya turo mini hoton wata a waya. Yaya, shuɗiya ce, shuɗin nan na sama bayan an ɗauke ruwa, tana sheƙi kamar ba a taɓa hawanta ba. Kwana tara na yi ina kallon hoton nan. Ina tsugune ina cirar gyaɗa, amma zuciyata tana cikin motar. Ina ganin ta tana shigowa ta hanyar kasuwa a hankali, mutane suna waiwaye, Inna a baya ta yafa farin mayafinta, Baba a gaba idonsa ya buɗe yana nuna mini inda ake kauce wa rami. Har ke na gani, kin sauko daga jirgi, na buɗe miki ƙofa. Da na je Kano na gan ta ido da ido, ban duba komai ba sai fenti da kujeru. Ɗanliti ya kunna mini rediyonta, ya kunna sanyi, na zauna a ciki na lumshe ido, na ce masa ranar Litinin zan dawo mu ƙarasa.

Ashe Sadiya ta gaya wa Inna, Inna kuma ta gaya wa Baba. Ranar Litinin da safe na fito, sai na tarar da shi tsaye a ƙofar gida da sandarsa, ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa da hular da ya daɗe bai taɓa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi inda za shi. Ya ce inda za ni. Ya ce muddin yana numfashi ba za a shigo da mota gidan nan bai ɗora mata hannu ba, ido ne ya tafi, amma kunne da hanci da yatsu ba wanda ya karɓe masa. Muka hau bas, kafin mu kai Bichi ya riga ya raɗa mini cewa birkin bas ɗin na baya ya cinye, kuma direban yana kwantar da ƙafa a kan kuloci.

Da muka isa, Ɗanliti ya tarbe mu da fara'a, ya kawo wa Baba kujera. Baba bai zauna ba. Ya sa na kai shi gaban motar, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, sannan ya tambayi wa ya tashe ta da safen nan. Ɗanliti ya ce an ɗan matsar da ita ne don a wanke. Baba ya ce babu laifi, za mu jira ta huce, don shi ba ya sauraron injin da aka riga aka ɗumama, mota da sanyin safiya take faɗin gaskiyarta. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya har kusan azahar, ni kunya kamar in nutse. Da ta huce ya tashi ya fara zagaya ta, yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. A ƙofar baya sai ƙarar ta sauya ta zama dum, ya ce nan ba ƙarfe ba ne, ciko ne aka shafe aka bi da fenti. Ya bi tsagin ƙofofin da ɗan yatsa, wani tsagin yatsa ya shiga, wani bai shiga ba. Ya sa aka zaro masa sandar baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ce ya yi kauri kamar zuma, irin wanda ake zubawa don a rufe wa inji baki. Ya buɗe murfin da ake zuba man, ya miƙo mini, ya ce in faɗa masa launin da ke ciki. Na ce fari-fari ne, kamar kunun gyaɗa. Ya gyaɗa kai.

Daga nan ya shiga ciki ya zauna, ya ce a rufe ƙofofi da gilasai a bar shi. Ina tsaye a waje ina kallonsa ta gilas, ya ɗaga kai sama, hancinsa yana motsi. Da ya fito ya ce turaren ya yi yawa, kuma a ƙarƙashin turaren akwai warin rijiya. Ya sa aka buɗe but, aka ciro tayar ajiya, ya zura hannu can cikin lungun da tsumma ba ya kaiwa. Ya fito da wata ƙasa mai laushi kamar garin alkama. Ya murza, ya sansana, har ya ɗan taɓa a harshe. Ya ce wannan ba ƙasar Kano ba ce, laka ce ta bakin babban kogi, ya san ta tun shekarar da ruwa ya cinye musu hanya suka yi kwana shida a gaɓa suna jira. Ya ce motar nan ta kwana a ƙarƙashin ruwa. Irin wannan ba ta mutuwa gaba ɗaya, wayoyinta ne za su riƙa ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, yau fitila, gobe gilas, wata rana kuma ta ɗauke a tsakiyar titi da Inna a ciki, ga tirela a baya. Ɗanliti ya rantse shi ma haka ya saye ta, kuma na yarda da shi, don na ga yadda fuskarsa ta sauya. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya dai kama hannunsa ya zuba masa ƙasar a tafi, ya ce ya sansana da kyau ya riƙe warin, zai yi masa amfani a sana'arsa.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushi, don sai na ji kamar an tashe ni daga barci mai daɗi. Na waiwayi shuɗiyar nan har sau biyu kafin mu fita. Amma a hanyar dawowa wani abu ya faru da ya mantar da ni. Baba ya yi ta magana. Tun daga Dawanau har gida bakinsa bai rufe ba, yana ba fasinjoji labarin motocin da ya ja da waɗanda ya ƙi ja, har wani dattijo ya wuce inda zai sauka saboda sauraro. Ranar ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Inna ta kalle ni, na kalle ta.

Bayan mako biyu Inna ta dawo daga suna da labarin wata mota a Shanono. Ta wani Malam Uwais ce, tsohon malamin gona da ya rasu bara, matarsa Hajiya Zulaihatu tana so ta sayar. Baba ya aika a roƙe ta kada a wanke motar, kada kuma a tashe ta har mu zo. Muka yi sammako ta Bichi muka bi hanyar Bagwai. Raɓa ba ta bushe ba, wani farin hazo na ruwa ya kwanta a kan fadama, shanu suna fitowa daga cikinsa kamar ba ƙasa suke takawa ba. Ina ba Baba labarin abin da nake gani, shi kuma yana cewa ya sani, yana jin ɗanyen warinsa. Da aka buɗe mana rumfar da motar take, sai ga ta. Doguwa ce mai but a haɗe, wai fara ce a da, yanzu ta koma launin toka. An ɗaure madubi ɗaya da roba, kujerar direba ta yage an ɗinke da zaren buhu, ga kashin kaji ko'ina. Na ce a raina, wannan zan nuna wa Yaya a matsayin abin da ta yi wa wahala?

Baba ya sa na kwanta na leƙa ƙarƙashinta, ya ce in faɗa masa ko akwai ɗigon mai ko na ruwa a ƙasa, da tsatsa, da alamar walda a ƙarfen gindinta. Na ce ban ga komai ba sai busasshiyar ƙasa da ƙwai huɗu da kaza ta saka. Ya yi dariya, dariyar da na manta yadda take. Bonet ɗin sanyi ƙalau. Ya duba mai, ya duba ruwan lagireto da yatsa, sannan ya koma baya ya tsuguna wajen salansa, inda hayaƙi ke fita, da farin hankici, ya ce in murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Ya tara hankicin, ya sansana, ya ce in duba ko hayaƙin shuɗi ne ko baƙi. Na ce ɗan fari ne siriri, har ya ɓace. Sai ya dawo gaba, ya ɗora kan sandarsa a jikin injin, ya kara ɗaya ƙarshen a kunnensa. Yaya, da kin ga fuskarsa. Ya daɗe a haka, yana matsar da sandar daga nan zuwa can, yana murmushi shi kaɗai kamar mai sauraron muryar wani tsohon aboki daga nesa. Kaji suna yawo a ƙafafunsa, rana tana shigowa ta tsakanin karan rumfa tana zane a rigarsa. Da ya ɗago ya ce mai wannan mota mutum ne mai haƙuri, bai taɓa takura mata ba.

Ya shafa robar birki da ta kuloci, ya shafa sitiyari ya ji yadda hannu ya cinye shi, ya ce in karanta masa tafiyar da mita ta nuna, ya ce sun yi daidai, ba a mayar da mitar baya ba. A aljihun gaba muka sami wani ɗan littafi da marigayin yake rubuta ranar da ya sauya mai da ranar da ya sauya kowane abu, shekara goma sha ɗaya ba tsallake. Na karanta wa Baba shafi biyu, ya yi wa mutumin addu'a. Sannan muka fita gwaji, ni a sitiyari, tun da kin san na koyi tuƙi a gidan gona. Ya hana ni bin kwalta, ya ce in nemi burji mai gargada. Ya sa na saki sitiyari na ɗan lokaci ya ji ko za ta ja gefe, ya sa na taka birki da ƙarfi, ya sa na murɗe sitiyari har ƙarshe ina zagaye yana sauraron ƙafafunta, ya sa na hau wani tudu da giya uku don ya ji ko kuloci yana zamewa. Da muka dawo ya hana a kashe ta, ya ce in zuba wa allurar zafi ido. Ba ta wuce rabi ba. Ba wai ba ta da aibu ba. Ya ce shokazoba na baya sun gaji, bel yana kuka, tayoyin kuma ko da yake ba su cinye ba, ya ji tsagewa a gefensu da farce, tsufa ya kama su, dole a sauya duka huɗun kafin ta hau babban titi. Amma ya ce duk ciwon da ke jikinta ta faɗa da bakinta, ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

Bai yarda an yi maganar ciniki ba sai da aka kawo takardu. Ni ina karanta lambar da ke jikin ƙarfen motar, ƙanen Hajiya yana bi a takardar kwastan da ta mallaka, harafi bayan harafi, Baba yana saurare. Aka rubuta takardar sayarwa a gaban mai unguwa da shaidu. Hajiya Zulaihatu tana daga bayan ƙyaure duk wannan lokaci. Da za mu tafi ta ce mutum biyar sun zo ganin motar, kowa rainawa yake yi, Baba ne kaɗai ya yi wa mijinta addu'a. Ta ce a riƙe ta da amana. Muna fita na ji tana sharɓar kuka. Mun yi duk gyaran da Baba ya lissafa a wajen bakanike a Bichi, shi yana zaune a kan benci yana ba da umarni. Fenti kuwa ya ce a bar shi, ba fenti ke kai mutum gida ba.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi. Ranar Alhamis da ta wuce muka kai shi asibitin ido a cikin motarki. Ta kai mu lafiya, ko tari ba ta yi ba. Likitar, wata baiwar Allah mai natsuwa, ta daɗe tana duba shi da na'urori. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ba yanar ido ba ce kamar yadda muka zata, wadda ake cirewa mutum ya gani. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar ba tare da an sani ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama akwai ɗan saura kaɗan, wanda yake rarrabe haske da inuwa da shi. Ta ba da maganin ɗigawa safe da yamma don a riƙe wannan sauran, amma ta ce ba za ta yi mana alkawarin tsawon lokacin da zai kai ba, wataƙila shekara, wataƙila bai kai ba. Baba ya yi hamdala, ya yi mata godiya, ya tambaye ta ko iyayenta suna da rai, ya sa musu albarka. Ya laluba sandarsa muka fito.

Muka kamo hanyar gida, muka wuce Bichi. Da muka kusa gari, bayan la'asar, sai ya tambaye ni ko mun zo daidai filin idi. Na ce saura kaɗan. Ya ce in shiga. Ya tambaya ko akwai mutane ko dabbobi, na ce babu kowa, sai balbelu can gefe. Ya ce in tsaya in fito. Na gane abin da yake nufi, amma na kasa hana shi. Na kama hannunsa na zagayo da shi. Yana zama, hannuwansa suka sami komai da kansu, ya gyara kujera, ya gyara hula, har madubi ya kai hannu zai gyara, sai ya tuna, ya sauke hannun. Ya yi bisimilla ya tashe ta. Ya ce ni ne idonsa, in riƙa faɗa masa dama ko hagu, kada in yi ihu. Yaya, yadda ya saki kuloci ban ma san mun fara tafiya ba. Muka riƙa zagaya filin a hankali, gilasai a sauke, iskar kaka tana shigowa da ƙamshin karan da aka yanke, rana ta yi ƙasa ta rina komai ruwan zinare. Ina cewa dama kaɗan Baba, miƙe Baba, hagu kaɗan.

A zagaye na biyu ya sa giya biyu, ya ce mun wuce Zariya. Can ya ce ga Kaduna, a sha mai a nan. Sai na fahimci ba a filin idi yake ba. Ya bi da ni Tegina, ya bi da ni Mokwa, yana gaya mini inda ake sayar da doya mai kyau da inda wata tsohuwa take dafa musu shayi. Da muka zo Jebba ya rage gudu, ya ce in duba ƙasa, da safe kogin yakan yi hayaƙi fari, masu kwalekwale suna ratsawa kamar a cikin gajimare, kuma duk shekarun nan bai taɓa haye gadar nan bai tuna da 'ya'yansa ba. Ya ce a nan ne wani direba ya tsayar da shi ya yi masa albishir an haifa masa 'ya mace, ya sauka ya yi sujada a gefen titi, ya zaɓa miki suna tun kafin ya hau mota. Ban taɓa jin wannan labari ba, ban sani ba ko ke kin taɓa ji. Muka wuce Ilori, muka wuce Badun, balbelu suna tashi a gabanmu suna sake sauka a baya. Sannan ya taka birki a hankali, ya mayar da giya, ya ja birkin hannu, ya kashe. Ya ce alhamdu lillahi, mun sauka lafiya. Hawaye suna bin gemunsa, amma fuskarsa a sake take. Ya zare makullin ya laluba tafina ya sa mini, ya ce daga yau ni ne direban gidan.

Kafin mu shiga gida ya ce kada in gaya miki abin da likita ta ce, wai kin yi wahala kin tara, kada ki ga kamar ta tashi a banza. Wannan ne karo na farko da na saɓa wa maganarsa da gangan, kuma zan faɗa masa na saɓa. Na rubuto ne don ki san ba ta tashi a banza ba. Yanzu kullum da safe shi yake fita ya saurari motar kafin a je ko'ina, mutane har daga Dawakin Tofa sun fara zuwa ɗaukarsa ya duba musu abin da za su saya. Na kuma rubuto ne don in roƙe ki abu ɗaya. Kada ki ƙara aiko da komai, kada ki nemi wani asibitin. Ki zo. Shekara shida ke nan rabonki da gida. Na san hanya da nisa, na san kasuwa da yara, amma kada ki jira sai babbar salla. Da hantsi, in rana ta fito ta gabas ta cika ƙofar zaure, duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar Baba yana ganin tsayinsa da faɗin kafaɗarsa, har yakan gane Inna da mayafinta tun kafin ta yi sallama. Ina so ki zo ki tsaya a wurin nan tun yana iya gani.

Ki gaishe mini da Alhaji Abdulkabir da kyau, ki ce ina roƙonsa ya ba ki izini, in da hali ma ku taho tare. Ki shafa mini kan Abdulrauf da Maijidda da auta Nana Maryam, wadda ba mu san ta ba sai a hoto. Inna tana gaishe ki, ta ba Alhaji Zubair ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ya kawo miki. Sadiya tana gaisuwa, haka Naziru da iyalinsa, da Gwaggo Fadima da ke tambayarki duk ranar kasuwa. Ki sanar da ni ranar da za ki taso, zan je Kano in tarbe ki, Baba kuwa na san ba zai yarda a bar shi a gida ba.

Allah Ya tsare hanya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanenki mai kewarki,
Muntaka Ɗan Iya.